Gyara Kayanka: Me Ya Sa Muke Jin Zafi In An Taɓa Rubutunmu?

Duk wanda ya saba karanta littattafan Hausa, musamman waɗanda muka taso muna haya a shagunan unguwa, ya san wani shafi da ba a cika rasa shi ba a farkon littafi ko a ƙarshensa. A nan ne marubuci zai yi godiya ga Allah, ya gaida iyaye da abokai da masu buga littafi, sannan ya rufe da cewa shi ɗan'adam ne ajizi, don haka duk wanda ya ci karo da kuskure ƙofa a buɗe take, ya yi gyara. Magana ce mai daɗi da ke nuna tawali'u. To amma mai karatu, ka taɓa ganin abin da ke faruwa ranar da wani ya ɗauki maganar nan da gaske? Ranar da wani ya rubuta sharhi a jarida ya ce babi na uku ya ci karo da babi na bakwai, ko ya miƙe a taron marubuta ya nuna inda aka karya ƙa'idar rubutu? Daga ranar an ƙulla gaba ke nan. Haka abin yake a wajen 'yan fim. Furodusa zai ce a gaban kyamara yana maraba da shawara, amma ka kuskura ka rubuta cewa fim ɗinsa ya yi tsawo babu dalili, sai gaisuwarku ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Ban cire kaina daga masu wannan hali ba. Hasali ma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata abu ne da ya faru da ni, a wurin da ban zata ba, wato a Wikipedia. Ga waɗanda ba su san ta sosai ba, Wikipedia insakulofidiya ce ta intanet, wato kundin ilimi da ake tara bayani a cikinsa kan kowane abu, tun daga ƙasashe da garuruwa har cututtuka da mawaƙa. Wasu Amurkawa biyu, Jimmy Wales da Larry Sanger, su suka buɗe ta ranar 15 ga Janairu, 2001. Abin da ya bambanta ta da tsofaffin kundaye irin su Britannica shi ne ba a ɗauki masana aiki an biya su don su rubuta ta ba. Kowa na iya rubutawa, kowa na iya gyara abin da wani ya rubuta, kuma kyauta ake karantawa. Ana rubuta ta da harsuna sama da 300, ciki har da Hausa, ta Ingilishi kuwa ta cika maƙala miliyan bakwai a shekarar 2025. In ka taɓa buga sunan wani jarumi a wayarka don ka san garinsu ko shekarunsa, akwai yiwuwar daga can amsar ta fito.

Akwai wani dattijo a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi wasan daɓe tun muna yara, daga baya ya fito a finafinai yana taka rawar uba ko mai unguwa. Bayan rasuwarsa na duba na ga babu ko layi ɗaya a kansa, sai abin ya taɓa ni. Wani dare na zauna da waya na rubuta masa maƙala. Na kira shi gwarzon da ba a taɓa yin kamarsa ba a ƙasar Hausa, na lissafa finafinansa, na sa shekarar da ya fara fitowa kamar yadda na tuna. Na kwanta ina jin na sauke nauyi. Da gari ya waye sai na tarar wani da ban sani ba ya shiga ya cire kirarin gaba ɗaya, ya kuma liƙa wata 'yar alama a gaban shekarar, wai ana buƙatar hujja. Raina ya ɓaci. Na mayar da rubutuna yadda yake. Ya sake cirewa. Na rufe wayar ina cewa a raina, wannan wane irin rainin hankali ne? Mutumin da na yi sallah sahu ɗaya da shi shekara da shekaru, wani da ko hanyar unguwarmu bai sani ba zai ce in kawo hujja?

Uwargida ce ta ga na ture kwanon tuwo, ta ji dalili, sai ta ce, "Maigida, tunda abin ya hana ka cin abinci, me zai hana ka tambaye shi dalilinsa? Ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ka bari ka ji ta bakinsa tukuna." Sai da na yi kwanaki ina jan ƙafa kafin na buɗe shafin tattaunawa, wanda kowace maƙala ke da irinsa a bayanta, na rubuta tambayata da ɗan zafi-zafi. Amsar da ta zo da sallama ta fara. Ya yi mini godiya da na tuna da marigayin, ya ce, "Malam, ba ƙaryata ka nake yi ba. In kana da wata mujalla ko jarida da ta yi magana a kansa, turo sunanta da wata da shekara, zan nuna maka yadda ake sa ta a manazarta." Na jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin gado, na yi ta bincike har na samo wata hira da aka taɓa yi da marigayin. Jama'a, kunya ta kama ni. Shekarar da nake shirin rantsuwa a kanta ta goce da shekara biyu, kuma da bakinsa ya faɗi daidai ɗin.

Tun daga ranar nake juya wannan tambaya: shin adalci ne baƙo ya gyara maka abin da ka gani da idonka? Amsar da na cimma ita ce e, adalci ne, ko da yake akwai ɗaci a ciki, kuma zan zo kan ɗacin.

Da farko mu tambayi kanmu, don wa ake rubutun? In don kaina na rubuta, to sanina ya wadatar. Amma wanda zai karanta yana iya kasancewa ɗaliba ce a Damagaram, ko wani Bahaushe a Kumasi, waɗanda ba su san ni ba, ba su san ko ni mai gaskiya ne ko mai shaci-faɗi ba. Idona ba ya amfanar su da komai, domin ba za su iya aron sa ba. Abin da za su iya shi ne su bi sawun maganar zuwa wata takarda da kowa ke iya dubawa. Shi ya sa Wikipedia ta kafa dokokinta a kan abu uku: kada ka ɗauki ɓangare, duk abin da ka faɗa ya zama ana iya tantance shi a wani abu da aka wallafa, kuma kada ka kawo binciken kanka da ba a buga a ko'ina ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna a gaban malamin zaure ya ji yadda malaman hadisi suka ɗauki isnadi, wato wa ya ji daga wa. Ba su ɗauki tambayar "daga ina ka samo?" a matsayin zagi ba. Mu ne dai yanzu muke jin ta kamar mari.

Kuma ba wai don an rubuta abu a takarda shi ke nan ya tsira daga kuskure ba. A shekarar 2005 mujallar kimiyya mai suna Nature ta ba masana maƙalu 42 daga Wikipedia da takwarorinsu daga Britannica su duba. Sun samo kurakurai 162 a Wikipedia, 123 a Britannica. Kamfanin Britannica ya yi jayayya da yadda aka yi binciken, amma darasin da ni na ɗauka shi ne babu kundin da ya kuɓuta. Bambancin kawai, kuskuren da aka buga a littafi yana nan zaune har sai an sake bugu, wanda ke Wikipedia kuwa ana iya cire shi yau ɗin nan, in har mai shi bai tare ƙofa ba kamar yadda na so in yi.

Na biyu, akwai amanar mutumin da ake rubutu a kansa. A watan Mayu na 2005 wani ya shiga Wikipedia ta Ingilishi ya rubuta ƙarya a kan wani tsohon ɗan jarida na Amurka, John Seigenthaler, cewa an taɓa zargin sa da hannu a kisan Shugaba John Kennedy da ƙanensa Robert. Alhali mutumin nan na hannun daman Robert Kennedy ne, ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Ƙaryar ta zauna wajen wata huɗu kafin a gano. Bayan wannan abin kunya ne aka hana wanda bai yi rajista ba ƙirƙirar sabuwar maƙala a can, aka kuma tsaurara doka kan tarihin mutanen da ke raye: duk maganar da za ta iya ɓata suna, in babu ƙwaƙƙwarar hujja, a cire ta nan take. To mai karatu, wa ya fi 'yan fim ɗinmu buƙatar irin wannan katanga? Sau nawa aka kashe jarumi da baki yana zaune a gidansa lafiya lau? Sau nawa aka aurar da jaruma, aka sake ta, aka ƙaga mata abin da ba ta ji ba ta gani ba, duk a teburin mai shayi? Dokar da ta hana ni rubuta shekara daga ka, ita ce dai ta hana wani maƙiyi rubuta ƙazafi daga ka. Ba zai yiwu in ce a sassauta mini a tsaurara masa ba, domin shi ma cewa zai yi da idonsa ya gani.

Haka batun kirarin da aka cire. Mu mutane ne masu son yabo, mun gaji maroƙa da makaɗa, kuma kirari yana da muhallinsa, ranar biki ko ranar karrama gwani. Amma in kowane masoyi ya rubuta cewa gwaninsa babu kamarsa, kundin zai cika da mutum dubu waɗanda babu kamarsu, mai neman sani kuma ya fita hannu rabbana. Da aka cire yabon sai na ga abin da ya rage, wato inda aka haife shi, ƙungiyar wasan da ya shiga, rawar da ya taka, ya fi yi wa marigayin hidima, don shi ne abin da jikokinsa za su iya dogara da shi. Saboda irin wannan ne ma ba a son mutum ya rubuta tarihin kansa ko na ubangidansa, kuma tun 2014 sharuɗɗan shafin suka wajabta wa duk wanda aka biya don ya yi rubutu ya fito ya bayyana.

Yanzu ga ɗacin. Dokar "kawo abin da aka wallafa" ta fi sauƙi ga mutanen da suka daɗe suna wallafa komai. Al'ummar da ta ajiye rabin tarihinta a bakin tsofaffi da mawaƙa tana shiga wannan kasuwa ne da ƙaramin jari. A shekarar 2010 wasu mawaƙan Kenya da ake kira Just a Band suka fitar da bidiyon waƙa mai ɗauke da wani gwarzon barkwanci, Makmende. Ƙasar ta ɗauka gaba ɗaya, amma da aka buɗe masa shafi a Wikipedia ta Ingilishi sai aka yi ta gogewa, har sai da kafofin watsa labarai suka yi rubutu a kansa sannan shafin ya tsaya. Kai, ba ma Afirka kaɗai ba. Donna Strickland, masaniyar kimiyya 'yar Kanada, an ƙi karɓar maƙalar da aka rubuta a kanta a 2018 saboda ƙarancin manazarta, bayan 'yan watanni kuma ta ci kyautar Nobel. A 2011 wani ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya shirya fim mai suna People are Knowledge, inda aka gwada naɗar hira da mutanen ƙauyuka a Indiya da Afirka ta Kudu don ta zama hujja kan abubuwan da babu littafi a kansu, irin su wasannin yara. Duk da haka, hirar da ba a wallafa ba ba ta zama karɓaɓɓiyar hujja a Wikipedia ta Ingilishi ba.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ya shafe mu kai tsaye. Finafinai nawa aka yi bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 waɗanda yau ko kaset ɗinsu ba a samu? Littattafai nawa aka buga a Kano babu shekarar bugu a jikinsu? To amma in mun gama ƙorafin, laifin wa? Baƙon da ya ce in kawo hujja ba shi ya hana mu rubuta tarihin mutanenmu ba. Mun san cewa kalmar Kannywood ta fito ne a mujallar Tauraruwa a 1999 saboda an buga ta, wasu kuma sun adana. Mai son rubutu kan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yana da inda zai jingina saboda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun zauna sun wallafa Shata Ikon Allah! a 2006. Rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu kan fim da adabin Hausa sun zama madogara ga masu bincike a ciki da wajen ƙasar nan. Ni kaina da na sayar wa mai ƙosai kwalin nan nawa, kamar yadda aka sha ba ni shawara, da shekarar da ba daidai ba ce za ta zauna. Ashe duk hirar da ɗan jarida ya yi da tsohon ɗan wasa, duk mujallar da ka adana, duk shekarar bugu da marubuciya ta sa a littafinta, hujja ce ake tara wa na baya.

Sai batun suna, wanda ina jin shi ne asalin ciwon. Mun saba ganin sunanmu a bangon littafi, ko yana tafiya a farkon fim: labari wane, tsarawa wane, umarni wane. An sha ɓatawa a masana'antar nan kan sunan wa ya riga na wa. A Wikipedia kuwa babu sunan kowa a saman maƙala. Akwai dai shafin tarihi da ke ajiye kowane gyara da sunan wanda ya yi shi da lokacin, amma rubutun da ka sa ya zama na jama'a, kowa na iya kwafa ya yi amfani da shi muddin ya faɗi inda ya samo, ya kuma bar wa wasu irin wannan dama. Wannan shi ne aikin gayya da kakanninmu suka sani: a taru a nome gonar mutum ɗaya, babu wanda zai dawo da kaka ya ce kunyar nan tawa ce, kada a taɓa. Karin maganar da muke ƙawata littattafanmu da su, wa ya san wanda ya ƙaga su? Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, har yau masana na muhawara kan wanda ya rubuta shi, amma duk mai nazarin sarakunan Kano sai ya bi ta kansa. Wanda bai iya aiki sai an ga sunansa, to ya tambayi kansa ko ilimin yake wa hidima ko kansa.

In mutum ya yarda da wannan, neman taimako sai ya zo da sauƙi. Abin da ya hana ni tambaya kwanaki da yawa girman kai ne kawai, wai ni da na daɗe ina rubutu zan tambayi wanda wataƙila ɗan cikina ne. Alhali Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Hanyoyin kuma a buɗe suke. Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa, kowane edita yana da nasa shafin da za ka bar masa saƙo. Akwai wurin gwaji da za ka yi ta rubutu kana gogewa babu mai ce maka kanzil, har hannunka ya faɗa. A Wikipedia ta Ingilishi an buɗe wani zaure a 2012 mai suna Teahouse, wato gidan shayi, musamman don sababbin shiga su yi tambaya tsofaffin hannu su amsa. Masu rubutu da Hausa su ma suna da ƙungiyarsu ta 'yan sa-kai da ke shirya tarukan koyar da gyara. Shawarata ga mai farawa ita ce kada ya fara da sabuwar maƙala kamar yadda na yi. Ya fara da ƙaramin gyara, ya daidaita harafi mai ƙugiya, ya ƙara manazarta ɗaya. In an mayar masa da gyaransa, ya je ya tambayi dalili kafin ya sake taɓawa. A ta Ingilishi ma doka ce, wanda ya mayar da gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya dakatar da shi.

Shi ma mai gyaran akwai nauyi a kansa. Cikin ƙa'idojin wurin akwai kyautata zato ga abokin aiki, akwai kuma gargaɗin kada a yi wa sabon shiga tsawa. Ba kowa ke kiyayewa ba, don ko'ina akwai masu gajen haƙuri. Da wanda ya gyara mini ya amsa da gatse, da yau ban sake waiwayar wurin ba, da marigayin kuma bai samu shafi ba. Sallamarsa da "Malam" ɗin da ya kira ni su suka sa na buɗe kwali. Masu sharhin finafinai da littattafai a jaridu da mujallu su ma ya kamata su ɗauki wannan: in ka ga kuskure ka nuna shi, ka nuna yadda za a gyara, ka bar mutuncin mai shi.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana marubuta da masu sha'awar fim. Duk wanda ya leƙa Wikipedia ta Hausa zai ga maƙalu masu kyau, zai kuma ga waɗanda aka juyo daga Ingilishi da na'urar fassara, Hausarsu na ɗingishi. Ku da kuka iya sarrafa harshen nan, ku da kuka san wa ya fito a wane fim, ku ne kuka fi cancanta ku gyara su. Sharaɗin kawai shi ne ku ma za a gyara muku, kuma wanda zai yi gyaran ba zai nemi izini ba. Mun daɗe muna rubuta wa masu karatu cewa ƙofa a buɗe take. To ga wurin da za a shigo ta ƙofar da gaske, sai mu ga ko har zuci muke faɗa. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Allah ya ba mu ikon karɓar gaskiya daga bakin duk wanda ta fito, ya jiƙan magabatanmu da suka nishaɗantar da mu. Amin.